Kunkurun daji ko na ƙyanƙyasar gida: wanne za ka kawo gidanka?

Kunkurun farko da na saya, a cikin buhu na same shi. Ranar kasuwa ce a ƙarshen bazara, rana kamar ta tsaga ƙasa, wani mutum ya zauna a gefen 'yan kaji da buhun taki a gabansa yana motsi. Da ya zazzage sai ga kunkuraye uku, babbansu ya kai faɗin faifai. An huda gefen ƙoƙon bayansa ta wajen wutsiya, an zura waya. Na tambaye shi abin da yake ci, ya ce, "Malam, wannan ai ba shi da wahala. Ɗan tuwo, ɗan ƙanzo, ko ka manta da shi wata guda yana nan daram." Na biya, na ɗaure shi a bayan babur, yara suka yi ta tsalle.

Bai cika wata biyar a gidana ba. Tun ranar farko ya shige bayan randa ya ƙi fitowa, sai dare ya raba ka ji shi yana bin gindin katanga yana karce ta, daga wannan kusurwa zuwa waccan, har fatar ƙafafunsa na gaba ta saɓule. Da na birkice shi na duba hammatarsa, kaska ce jingim, wasu sun ƙoshi sun yi kamar wake. Idanunsa suka faɗa ciki. Da sanyin hunturu ya fara sai kumfa ta riƙa fitowa daga hancinsa, yana numfashi baki buɗe. Wata safiya na taɓa ƙafarsa, bai janye ba. Har yau ina jin nauyin abin, domin da kuɗina aka biya wanda ya haƙo shi daga raminsa.

Bayan shekara biyu wani dattijo a unguwarmu, wanda kunkurayensa sun girmi wasu daga cikin 'ya'yansa, ya aiko a kira ni in ga 'ya'yan da suka fito daga ƙasa bayan an yi ruwa. Goma sha wani abu ne, kowanne bai fi bakin ludayi ba. Ya ba ni ɗaya. Yau shekararsa tara, sai na sa hannu biyu na yunƙura nake ɗaga shi, kuma da ya ji ƙarar kwanon ganyensa zai fito daga rami ya tunkaro ni.

Don haka ba zan ɓoye inda na tsaya ba: wanda zai ajiye kunkuru, ya nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun mutane. Amma maganar ba ta ƙare a nan ba, domin na gidan ma da nasa ɗawainiyar, kuma ba duk wanda aka ce maka "haihuwar gida" ne yake haihuwar gida ba.

Wane kunkurun ake nufi?

Mu dai komai kunkuru muke cewa, in na ruwa ne mu ce kififiya, alhali iri-iri ne kuma bukatunsu sun sha bamban. Wanda aka fi ajiyewa a gidajenmu shi ne ƙaton kunkurun Sahel mai launin yashi, mai ƙaho-ƙaho a bayan cinya, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, masu kiwo kuma su ce sulkata. Asalinsa wannan ɗamarar da ta ratsa ƙasan Sahara, daga Senegal da Muritaniya, ta bi ta Mali da Burkina Faso da Nijar da can ƙuryar arewacin Najeriya da Chadi da Sudan, har Habasha da Eritiriya. Shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma a cikin waɗanda ba a tsibiri suke ba babu kamarsa. Namiji ya kan haura kilo 50 cikin sauƙi, wasu har su kusanci 100.

Akwai kuma ƙaramin kunkuru mai gaɓa a bayan ƙoƙonsa, wanda in ya tsorata yake rufe bayansa ruf kamar murfi, dangin Kinixys. Sai kififiyun tafki da kududdufi da ke bayyana da damina. Yawancin abin da zan faɗa kan sulkata ne, domin shi ne ake iya samun na gida a ƙasarmu. Sauran zan zo kansu.

Lafiya, inda tazarar ta fi nisa

Kunkuru dabba ce mai jinkirin mutuwa. Akuya in ba ta da lafiya a yini ɗaya za ka gane, shi kuwa yana iya yin wata uku yana mutuwa a hankali kana ganin kamar halinsa ne na rashin son motsi. Wannan ne ya sa mai saya ba ya alaƙanta mutuwar da ranar da ya saya. Kamun daji kafin ya iso hannunka ya riga ya sha wuya. An tono shi daga rami, ko an tsince shi bayan gobarar daji, an jefa shi buhu da 'yan uwansa wasu a kan wasu, ya kwana nawa babu ruwa. Ga wani abu da mutane ba su sani ba: kunkurun busasshiyar ƙasa a mafitsararsa yake tanadin ruwan da zai kai shi damina, kuma in aka ɗaga shi ya firgita sai ya sake shi gaba ɗaya. Fitsarin nan da yake tsula wa wanda ya ɗauke shi, guzurinsa ne na rani ya zubar. Ɗaga wanda ke kasuwa ka ji, sau da yawa za ka iske ba shi da nauyi, kamar busasshiyar ƙwarya. Lafiyayye kamar dutse yake a hannu.

Sai tsutsar ciki. Kusan kowane kunkurun daji na ɗauke da ita, kuma a daji ba ta cika cutar da shi ba, domin yana kashi nan ya yi gaba, ba ya komawa ya ci ciyawa a wurin. A tsakar gida kuwa inda ya yi kashi nan yake kiwo, ƙwayayen tsutsar su yi ta komawa cikinsa, ga jiki ya raunana saboda firgici da yunwa. Abin da yake zaune da shi lafiya shekara ashirin sai ya kayar da shi cikin 'yan watanni.

Kaska kuwa ba shi kaɗai ta shafa ba. A watan Maris na 2000 ma'aikatar noma ta Amurka ta hana shigo da kunkuraye iri uku daga Afirka, sulkata na ciki, tare da kunkuru mai zanen damisa da wani daga cikin masu gaɓar baya. Dalili shi ne an samu kaskar da ke jikinsu tana iya ɗaukar cutar nan da ke tara ruwa a zuciyar shanu da tumaki da awaki ta kashe su. In ƙasar da ke ƙetaren teku ta ji tsoron kaskar kunkuru saboda garkenta, mai ragon layya da akuyoyi uku a ɗaure a tsakar gida ya fi cancanta ya yi tunani.

Ba yau aka fara ganin ƙarshen wannan ciniki ba. Shekaru da dama ana loda kunkurayen Maroko da na ƙasashen bakin Bahar Rum dubu-dubu zuwa Ingila da maƙwabtanta, ana sayar da su da araha, mafi yawansu ba sa daɗewa suke mutuwa. A 1984 ƙasashen kasuwar haɗin gwiwar Turai suka haramta shigo da kamun daji na waɗannan nau'o'in. Daga nan ne kiwo da ƙyanƙyasa suka bunƙasa a can, farashi ya tashi, mutane suka fara ɗaukar kunkuru a matsayin dabbar da za a daɗe da ita.

Na gida bai san buhu ba. Tun daga ƙwai ya saba da hayaniyar yara da ƙamshin hayaƙin murhu da irin ganyen da ake samu a gari. In uwayensa lafiyayyu ne kuma wurin da tsafta, da wuya ka same shi da kaska, tsutsar cikinsa kuma kaɗan ce. Ka san shekararsa, ka san abin da ya taso yana ci.

Bari in tsaya nan in yi wani gargaɗi, domin na san halinmu da dabba: da an ga kaska ko tsutsa sai a ɗauko allurar da ake yi wa awaki. Kada ka kuskura ka yi wa kunkuru Ivermectin. Ga akuya magani ne, ga kunkuru guba ce, tana shanye masa jiki ta kashe shi. Likitocin dabbobi kan yi amfani da Fenbendazole don tsutsar kunkuru, shi ma sai an auna nauyinsa an duba kashinsa. Kaska kuma da hannu ake cire ta, a kama ta daf da fata a ja a hankali. In garinku babu likitan da ya saba da dabbobi masu rarrafe, asibitocin koyarwa na tsangayar likitan dabbobi, irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, sun fi kusa da sanin abin yi.

Hali da sabo

Abin da kunkuruna na farko yake yi a gindin katanga, sai daga baya na fahimce shi. Kunkurun daji ya san ƙasarsa: inda raminsa yake, inda ruwa ke kwanciya, inda ciyawa ke fara tsirowa. Ya yi shekaru yana bin hanyoyin nan. In ka sa shi tsakanin bango huɗu, hanyar komawa yake nema, kuma wani har ya mutu bai daina ba. Wasu kan saduda bayan shekara ɗaya ko biyu su fara ci, ban musa ba, akwai gidajen da kamun daji ya rayu ya tsufa. Amma sa'a ce, kuma ba a ƙirga waɗanda aka jefar a juji kafin a samu wannan ɗayan.

Na gida katanga ba baƙuwarsa ba ce. Ba ya janye kai in ka matso, yana cin ganye daga hannu, kana iya duba idonsa da hancinsa da ƙarƙashinsa ba tare da kokawa ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ka gano ciwo da wuri. Kada dai a ɗauka zai zama kamar kyanwa. Ba ya son a riƙa ɗaukarsa, ba ya son yara su hau bayansa. Ƙoƙon nan ba riga ba ce da ya saka, ƙashin bayansa ne da haƙarƙarinsa suka haɗe, akwai jini da jijiya a ciki. Huda shi don a ɗaura igiya daidai yake da huda ƙashin dabba tana raye. Shafa masa fenti ma cuta ce.

Inda na gida yake da wahala

In zan yi adalci, mai sayar da kunkurun daji a buhu yana da abu guda da mai kiwo ba shi da shi: babban kunkuru nan take. Mai kiwo yawanci ɗan ƙarami zai ba ka, santimita huɗu ko biyar, ƙoƙonsa bai gama tauri ba. A wannan girman kowa abokin gabarsa ne. Shirwa ta sure shi, hankaka ya fasa shi, gafiya ta ci ƙafarsa da dare, kwarkwasa ta rufe shi, kare ya tauna shi, baƙo ya taka shi bai gani ba. In ya kife a bayansa cikin rana tsaka, sa'a ɗaya ta isa. Shekara biyu zuwa uku na farko sai ka yi masa keɓaɓɓen wuri mai rufin raga, rabi rana rabi inuwa, da ƙasa mai laushi da zai tona.

Kuma ga abin da ya fi ba mutane mamaki: ɗan kunkurun hamada yana bukatar danshi. A daji da damina suke fitowa daga ƙwai, kuma yawancin lokacinsu a cikin rami suke ko ƙarƙashin ciyawa inda ƙasa ke da laima. In aka rene shi a busasshen kwali ko kan siminti, sai kowane gida na ƙoƙon bayansa ya taso tsololo kamar tulin dala, maimakon ya tafi sumul. Da can ana ɗora laifin kan abinci mai gina jiki kaɗai, sai wani bincike da aka yi a jami'ar likitan dabbobi ta Biyana, babban birnin Ostiriya, a 2003, a kan 'ya'yan sulkata ɗin kansu, ya nuna rashin danshi ne ya fi tasiri. Ni abin da na yi shi ne kullum da safe in sa shi a faranti mai ruwa ɗumi-ɗumi wanda bai kai masa hanci ba, na minti goma sha biyar, in kuma yayyafa wa maɓoyarsa ruwa. A nan yake sha, a nan yake kashi. Farin abin nan mai kama da alli da yake fitarwa tare da fitsari, in ya fito da laushi lafiya lau, in ya fito kamar tsakuwa ruwa ya yi masa kaɗan, kuma ƙarshen haka dutse ne a mafitsara.

Haɗari na biyu daga ƙauna yake zuwa. Na gida ba ya ƙin abinci, sai a yi ta ba shi tuwo da shinkafa da burodi da ragowar nama, ya yi girman gaggawa da ƙashi marar ƙwari, ƙoda ta lalace. Sulkata makiyayi ne kamar tunkiya. Ciyawa ce abincinsa, ɗanya da busasshiya: ƙiri-ƙiri, burburwa, ɗanyar gamba, a haɗa da ganyen rama ko na kabewa ko na zogale jefi-jefi, harawa kaɗan, kankana da mangwaro sai dai ɗanɗano can ba a rasa ba. A daka ɓawon ƙwai da aka tafasa a barbaɗa masa don ƙashi. A nisanta shi da tumfafiya da zaƙami da ciyawar da aka yi wa feshi. Rana kuwa Allah ya hore mana ita kyauta, abin da masu kiwo a Turai suke sayen fitila ta musamman don su samu. Sai dai da hunturu a tabbatar yana da rami ko ɗaki marar iska, domin sulkata ba ya barcin sanyi irin na kunkurayen Turai, kuma daren Jos ko na Damagaram a watan Janairu ya isa ya saka masa ciwon huhu.

Abu na uku, ba za ka san mace ce ko namiji ba sai ya yi shekaru. Namiji ƙarƙashinsa kan lotsa ciki, wutsiyarsa ta fi tsawo, amma a ƙuruciya duk kama ɗaya suke. Wanda ya ɗauki biyu don su ɗebe wa juna kewa yana iya wayar gari da maza biyu masu tunkuyi, kowanne na neman kife ɗan uwansa. An ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, amma wanda ya ga mazan sulkata biyu sun haɗu ya san suna da abin da ya maye yatsan. Ɗaya ya wadatar, ba dabbar garke ba ce.

Akwai abin da su biyun suka yi tarayya a kai, kada wani ya ce maka na gida ya kuɓuta daga gare shi. Kunkuru da kififiya, na daji da na gida, kan ɗauki ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, ga mutum kuwa zawo ce da zazzaɓi. A Amurka tun 1975 aka haramta sayar da waɗanda ƙoƙonsu bai kai inci huɗu ba, wajen santimita goma, saboda yara na kai su baki, kuma waɗancan ƙananan yawancinsu daga gonakin kiwo suke fitowa. Gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar, ko tsoho mai rauni, ko majinyaci, a dakata tukuna. In an ajiye, wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, kuma kada a wanke kwanonsa inda ake wanke-wanke.

Kuɗi da shekaru

Na daji ya fi araha, domin wanda ya kama shi bai ciyar da shi ko kwana ɗaya ba. Mai kiwo ya yi shekaru yana ciyar da uwayen, ya tsare ƙwai wata uku ko huɗu ko fiye daga gafiya da kare. Amma araha ba ta ado, kuma kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Babban kuɗin yana wajen fili da katanga. Sulkata mahaƙi ne, raminsa kan yi mita da dama, in ya fara tona gindin katangar ƙasa ko ya kayar da ita ko ya ɓulla gidan maƙwabci. Sai an nutsa tubali cikin ƙasa. Mai haya a ɗaki biyu, ko mai zama a bene, ko wanda tsakar gidansa duk siminti ne, na daji da na gida duk ba nasa ba ne.

Shekaru kuma sai ka yi lissafin saba'in ko sama da haka. Kunkurun fadar Soun, sarkin Ogbomoso a jihar Oyo, da ake kira Alagba, wanda ya mutu a watan Oktoba na 2019, irin wannan ne. Mutanen fada sun ce ya shekara 344, masana sun yi shakkar adadin, amma babu mai musun cewa ya ga zamani mai tsawo. Ɗan ƙaramin da ka karɓo kana ɗan shekara arba'in, da alama yana cikin abin da za ka bari. Dattijon da ya ba ni nawa sai da ya tambaye ni wa zai riƙe shi bayana kafin ya miƙo mini.

Abin da aka rage wa daji

A 2021 ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta ɗaga sulkata zuwa rukunin waɗanda ke fuskantar ƙarewa. Abin takaici, dabbar da ta cika gidajen Amurka har masu ita na neman inda za su kai ta, ita ce ke ɓacewa a mahaifarta. Noma ya ci daji, dabbobi sun kwashe ciyawa, gobara na ƙona ƙananan, ga kamu don ci da magani da sayarwa. Kamun ya fi ciwo saboda jinkirin dabbar. Mace a daji kan yi shekara goma zuwa sha biyar kafin ta fara ƙwai, tana zuba goma sha biyar zuwa talatin a rami guda, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikin 'ya'yan ke tsira su girma. Babbar macen da ke cikin buhu ita ce ta tsallake duk waɗannan, kuma da an bar ta da ta yi shekara talatin ko arba'in tana ƙwai. Raminta ma ba nata kaɗai ba ne, ƙananan dabbobi da yawa a ciki suke fakewa daga zafin bazara.

Ta fuskar doka, duk kunkurayen tudu na duniya suna cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, wadda Najeriya da Nijar suka shiga tun shekarun 1970. Tun 2000 aka tsayar da cewa ba za a fitar da sulkata kamun daji ko guda ɗaya zuwa wata ƙasa don kasuwanci ba. Najeriya ta kafa doka a 1985 kan cinikin dabbobin da ke cikin haɗari, wadda aka tsaurara hukuncinta a 2016, hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli na cikin masu aiwatar da ita. Wanda ya sako kunkuru a but ɗin mota daga Maraɗi ko Diffa ya ƙetaro iyaka ba takarda ya taka doka, ko da babu wanda ya buɗe but ɗin.

Kiwo yana iya gyara abin da kamu ya ɓata. A Senegal akwai Ƙauyen Kunkuraye na Noflaye kusa da Dakar, wanda masanin kunkuraye Tomas Diagne yana cikin waɗanda suka assasa shi, inda ake karɓar sulkata daga hannun mutane, a kula da su, su hayayyafa, har aka mayar da wasu daji a yankin Ferlo na ƙasar. Gidajenmu na Kano da Katsina da Damagaram da ke da tsofaffin kunkuraye masu ƙwai duk shekara sun isa su wadatar da duk mai sha'awa ba tare da an taɓa daji ba, in da za a riƙa tsare ƙwan maimakon a bar wa kare.

Kada ka yi cinikin biri a sama

Tunda doka ta bar ƙofa ga na gida ta rufe wa na daji, dole a samu masu sauya wa na daji suna. Masu bin diddigin cinikin dabbobi a Afirka ta Yamma sun daɗe suna zargin haka a kan wasu gonakin da ke fitar da kaya waje, balle kuma wanda ya ɗora hoto a Facebook ko WhatsApp ya rubuta "haihuwar gida". Gani ya kori ji. Je gidan da kanka. Ka ce a nuna maka uwar da uban, da inda ta yi ƙwai. Mai kiwo na gaskiya zai nuna maka 'yan uwan ƙyanƙyasa masu girma ɗaya, zai faɗa maka watan da suka fito, kuma yawanci shi zai fi ka yawan tambaya. In ka ga babba da matsakaici da ƙarami a tare, iri daban-daban, babu uwaye, kaya ne aka tattaro. Tsohon tabo, ƙoƙo da ya goge ya yi santsi kamar dutsen rafi, alamar ƙuna, huji a gefe, kaska a hammata, duk shaidar daji ne. Ko na gidan ne, duba ido ya zama a buɗe yana ƙyalli, hanci a bushe, baki ba kumfa, in ka ja ƙafarsa ya fizge da ƙarfi, in ya yi tafiya ya ɗaga jikinsa daga ƙasa ba ja da ciki ba.

Akwai hanya ta uku da na fi so ga wanda ba zai iya renon ƙarami ba. Gidaje da yawa na da babban kunkurun da ya gundure su, ko mai shi ya rasu, ko za a sayar da gidan a raba gado. Wannan ko asalinsa kamun daji ne ya riga ya saba, kuma karɓarsa ba ta tura kowa daji ya haƙo wani. In kana da wani kunkurun a gida, ware baƙon wata uku zuwa shida kafin ka haɗa su.

Game da mai gaɓar baya, kusan duk wanda ka gani a kasuwa kamun daji ne, masu ƙyanƙyasarsa ba su da yawa ko a Turai. Na kurmin kudu, Kinixys homeana, yana dab da ƙarewa, kuma inuwa da laima yake so, dodon koɗi da tana da naman kaza yake ci. Kawo shi tsakar gida a Sakkwato hukuncin kisa ne. Kififiyun kududdufi ma daga ruwa aka kamo su, kuma ba sa rayuwa a bokiti ko tsohuwar randa, suna bukatar ruwa mai tsafta da tudun shan rana da abinci irin na nama. Ita kuma 'yar koriyar kififiya mai jan kunne da ake gani a shagunan kifin ado, gaskiya ne haihuwar gona ce, daga kudancin ƙasar Amurka asalinta. Sai dai tana girma ta kai faɗin faranti, tana bukatar tanki da injin tace ruwa da ba ya son ɗaukewar wuta, kuma in an gaji da ita an jefa a tafki tana danne 'yan ƙasa, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigo da ita tun 1997. Kasancewarta ta gida bai mayar da ita zaɓi mai kyau ba.

Na san wasu ba don sha'awa suke ajiye kunkuru ba, don abin da aka gada ne na cewa yana tare kambun baka ko wani sharri. Ba zan shiga wannan muhawara ba. Abin da na sani shi ne hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Kunkurun da aka manta da shi a bayan banɗaki ba ruwa ba ciyawa bai fita daga wannan ba don kawai ba ya kuka.

In kuwa ka riga ka sayi na daji kuma ya daɗe a hannunka, kada tausayi ya sa ka kai shi bayan gari ka saki. Ba ƙasarsa ba ce, kuma yana iya kai wa na can cutar da ya ɗauka a buhu ko a gida. A hamadar Mojave ta Amurka ciwon majina ya kashe kunkurayen daji masu yawa a shekarun 1980, kuma ana kyautata zaton waɗanda mutane suka saki daga gida sun taimaka wajen yaɗa shi. Riƙe shi, cire wayar, ba shi ruwa da ƙasa da ciyawa, kai kashinsa a duba. Hukuncin ya bambanta ga wanda yara suka tsinto yau a gona suka shigo da shi cikin riga. Shi bai haɗu da kowa ba tukuna. A tambaye su ainihin wurin, a mayar da shi kafin magariba, a ajiye shi a gindin kalgon da aka same shi, kansa na fuskantar inda ya nufa.